Na Kai Hajo Ganin Teku, Munka Iske Ba Shi Nan

Saura kaɗan in haɗiye labarin ga in yi shiru. Mutum ya yi shekara ashirin da biyu shina tuƙin motar porje, wato ta masu ayyukan raya ƙasa, ya sha iskar Kwatanu da Lome, ya kwana Agadas, ya ci sakwara a Kumasi, sannan ya zo ya tabka irin wautar da na tabka gaban matata. To amma Hajo ta riga ta ba matan unguwa nata labarin, kuma ina jin yadda shike komowa daga bakin pompo, kullum da ƙarin gishiri. Gara ku ji daga bakin mai wautar. Ko ba komi, wanda ke son zuwa inda masu kuɗɗi ke hutawa da aljihun talaka zai tsinci abin amfani.

Ga mafarin. Hajo ƴar Dumega ce, shekara ashirin da takwas muna tare. Bara likitan ido a Yamai ya duba ta ya ce tansiyon ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama shina nan, amma ganin ya ƙuntata, kamar mai leƙe ta bakin tulu: abin da ke gabanta sak take gani, na gefe babu. Maganin ɗigawa safe da marece shina rage mishi gudu, ba shi tsai da shi. Likitan bai ce wata kaza ko shekara kaza ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da munka fito, ɗiyarmu Balki, wadda ke aikin karɓar haifuwa can Yamai, ta tambayi uwarta ko akwai abin da take so ta gani. Makka dai ta je, ƙanenta ya kai ta. Hajo ta yi shiru har munka kai bakin titi, kana ta ce tana son koren ruwan ga da ake nunawa a tele, wanda ake hangen ƙasanshi, inda anasaru ke kwance ƙarƙashin itacen kwakwa.

Balki da mijinta sunka haɗa sunka biya mana jirgi zuwa Tanzaniya, don tsibirin Zanzibar ne ya fi kusa da ƙarfinsu. Balki ta so ta kama mana kwana uku a babban otel. Da ta nuna mini farashin kwana guda na ce wannan ai bijimi ne ake yankawa kowace rana. Na ce ta ba ni kuɗɗin kwana ukun, ni in mai da su kwana tara.

"Baba, ba Kwatanu ba ne fa," inji ta.

Na ce mata duk inda akwai masu kuɗɗi akwai masu yi musu wanki, kuma masu wankin nan suna kwana wani wuri, suna cin wani abu. Can za mu.

Abu uku ku riƙe tun kafin tashi. Mu ƴan Nijar ba a ba mu bizar ƙasar a filin jirgi, sai an nema tun daga gida, tamu ta ci kusan wata biyu. Sai karne, wato katin allurar shawara. Sai wata asiransi, wato inshora, da tsibirin ke sa kowane baƙo shi biya. Lokaci kuwa na zaɓi ƙarshen Afrilu da gangan: nan bazara ce, ba a kai ga shuka ba, can kuma damina, baƙi sun watse, ɗakuna sun faɗi. Na yi ta yabon kaina a fada kan wannan dabara.

Lahadi: Dogon Dutsi zuwa Yamai

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba maƙwabcinmu Metir Yusufu, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, ya fiddo tsohuwar motarshi ya kai mu tasha. Shi Kirista ne, ya ce yau a majami'a za su sa Hajo cikin addu'a, ni kuwa ba ni da buƙata tunda na ce na san ko'ina. Munka yi sallar asuba a tasha, babbar motar fasinja, wadda muke ce wa kar, ta ɗaga biyar da rabi. Jikka shida ta sefa kowa. Kayanmu balis guda ne, akwatin tafiya: tufafi kaɗan, kilishi, ƙuli-ƙuli, gari, yaji, buta. Kwalaben maganin ido Hajo ba ta yarda sun shiga balis ba, a bakin zanenta ta ƙulle su.

Kore Mairuwa, Bolbol, sai Dosso takwas saura kwata, kilo ɗari da talatin da ƴan kai. A shingen shiga gari wani jandarma ya karɓi kartunanmu, ya dubi balis, ya tambayi Hajo ina zuwa. Ta ce teku.

"Inna, kin yi kuskuren mota. Ta Gaya ce ke zuwa Kwatanu."

Ta ce ba wannan tekun ba, na masu kuɗɗi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya daɗe a kan takalmina, ya mai da mana kartuna ya ce Allah shi kiyaye hanya. Munka sha fura a tasha, munka shiga Yamai sha ɗaya da minti ashirin, munka kwana gidan Balki.

Litinin da Talata: Yamai, Adis Ababa, Darussalam

Jirgi ya tashi bayan azahar. Tikitin da ya fi arha shi ne mai dogon jira a Adis Ababa, kuma in jiran ya kai kwana kamfanin ne ke ba da ɗaki da abinci, amma ku tambaya kafin ku biya. Don haka kwananmu guda a babban otel kyauta munka yi shi. Na gaya wa Hajo ta more da kyau, don ba za ta sake ganin tawul shida a ɗaki guda ba. Garin akwai sanyi, rigata ta sama ta karɓe, ba ta mayar ba har yau.

Talata goma da rabi munka tashi, ɗaya da ƴan mintoci munka sauka Darussalam. Agogonsu ya riga namu da awa biyu. Ana iya sauka kai tsaye a tsibirin, amma ta nan ya ɗan fi sauƙi, kuma na yi lissafin Hajo za ta samu awa biyu na kallon teku a jirgin ruwa, ƙari a kan ciniki. Adaidaita ta kai mu bakin tashar ruwa. Nan akwai masu tarbar ka da cewa tikiti ya ƙare sai a hannunsu. Ka gaishe su da kyau, ka wuce ka je taga da kanka. Na kama kujera mafi arha, kusan jikka ashirin da ɗaya kowa, a ƙasa, tagogi rufe.

Jirgin ya ɗaga ƙarfe huɗu, ruwan sama ya sauko tare da shi. Hajo ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba. Ba a yi minti goma ba kanta na cikin leda. Awa biyu ta yi ido rufe, ni ina riƙe da goshinta ina duban taga, ba abin da ke ciki sai toka-toka da kumfa. Da munka tsaya ta ɗago ta dubi bakin tashar: ruwa mai duhu, manyan jirage, warin man gazwal.

"Wannan ne?"

Na ce a'a, wannan na ƴan dako ne, namu shina gaba. Na faɗa da dariya, amma na san na yi ɓarna. Ranar idonta guda na kashe don in rage ƴan jikkuna.

Tsohon garin Zanzibar lunguna ne ƙanana kamar na Birnin Damagaram, sai dai benaye. Ɗakin da Balki ta kama don takardar biza jikka sha biyar ne: bantilater mai ba da iska, sange na sauro, bayi na kowa da kowa. Ni dai tun ina tuƙi ban taɓa neman masauki ta wayar talho ba, masallaci nike zuwa, daga nan sai mai shayi. Bayan magariba na zauna wurin wani dattijo mai saida kofi a ƙofar masallaci. Da Faransancina da bai ji, da Turancin hanya da na tsinto a Najeriya, da Larabcin allo, munka fahimci juna. Na ce ina son ɗaki kusa da koren ruwa, ba farashin anasara ba. Ya kira wata matar ƙanenshi, Bi Zuhura, a wani ƙauye Jambiyani, gabashin tsibirin. Shilin dubu arba'in, kusan jikka tara kenan, har da karin kumallo. Na koma ɗaki ina taka ƙasa kamar na ci zaɓe. Hajo gari kawai ta iya sha.

Laraba: Jambiyani

Motar talakawa can sunanta daladala, ƙaramar kamiyo ce irin ta ɗaukar kaya, da benci biyu da rufi gajere. Munka shiga a bakin kasuwa takwas da minti goma. Shilin dubu uku kowa, bai kai jikka guda ba, alhali mai taksi ya ce mini jikka ashirin da biyar bai ko ƙifta ido ba. Kilo hamsin da ƴan kai ne. Ruwa na zuwa shina ɗaukewa, an saki tamfol, muna zaune tsakanin buhun siminti da wata mata mai kaji uku. Sha ɗaya saura minti ashirin anka sauke mu. Ruwan sama ya tsaya.

Gidan Bi Zuhura shina bayan layin otel-otel, gini na farin dutse da rufin kwano. Ba mu iske ta ba, tsohuwar uwarta ce ta miƙo makulli, ita kuwa ba ta jin komi sai yarensu. Ɗaki tsaf, sange sabo, bokiti cike. Ko balis ban buɗe ba. Na ce wa Hajo ta ɗiga magani ta wanke fuska. Na kama hannunta, munka bi wata ƴar hanya tsakanin katangu biyu, na ce ta rufe ido sai na ce ta buɗe. Taki ɗari da ƴan kai munka fito fili.

Babu ruwa.

Farin rairayi ne, bayanshi laka mai fari-fari da duwatsu da ƴan kududdufai, har iyakar ganina. Kwalekwale kwance a kan haƙarƙarinsu, igiyoyinsu ɗaure da turaku a busasshiyar ƙasa. Can nesa ƙwarai akwai wani farin layi kamar zare. Tsakani kuwa mata ne duƙe, sun kafa turaku jeri-jeri da igiyoyi, kowace da nata yanki, suna aiki.

Ni ɗan Arewa ne, na san abin da idona ya gani. Tafkin gefen garinmu haka shike yi: ruwa shi ja baya, laka ta fito, mata su bi shi da shuka. In har an kai ga kafa turaku ana lambu a cikin gado, to ruwa ya daɗe da tafiya, kuma sai baɗi. A Kwatanu da Lome na zauna bakin teku ba adadi, ban taɓa ganin ya matsa ko taki goma ba. Nan take lissafi ya haɗu a kaina. Shi ya sa ɗaki jikka tara. Shi ya sa baƙi sunka watse. Masu kuɗɗi sun kama gefen mai zurfi, mu an ba mu gefen da ya ƙafe. Ban tsaya na tambayi kaina yadda ruwa ke ƙafewa tsakiyar damina ba, tsoro bai bar ni ba.

"In buɗe?" inji Hajo.

Ba ta jira ni ba. Ta buɗe. Ta juya kai a hankali daga hagu zuwa dama, yadda take yi yanzu in tana son ta haɗa wuri a idonta.

"Ina shi?"

Na ce na ɓata hanya ne, shina ta wani gefe, mu koma ta huta tukuna. Ta sake juya kai ta duba. Daga baya ta ce, "Ba komi, Maigida. Rairayin ma fari ne." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A gida na tambayi tsohuwar da hannu: na nuna bokiti, na nuna gabas, na buɗe tafuna. Ta nuna can nesa, ta yi hannu kamar mai korar kaji, ta yi dariya. Na ce shi kenan, ita ma ta tabbatar. Na ce wa Hajo zan je neman burodi. Na ɗauki kuɗɗin ko-ta-kwana da na ɓoye don hanyar komawa, na fita da niyyar in nemi otel mafi girma a yankin in biya kwana guda, ko bijimi biyu ne. Yadda za mu koma Dutsi, na bar wa Allah da Balki.

Minti arba'in na yi ina tafiya a bakin titi cikin babbar riga, zufa har ƙafa. Na wuce ƙananan, na tsaya a wata ƙatuwar ƙofa mai furanni. Mai gadin sa'ana ne, mutum mai hankali. Na ce ina son ɗakin da ake ganin ruwa daga gado, mutum biyu, kwana guda. Shi ma ya dubi takalmina, amma ya kai ni ciki. Wata mace a bayan tebur ta rubuta mini farashin a takarda da murmushi. Na karanta sau biyu, na ce na yarda, amma a nuna mini ruwan tukuna. Ba a sayen rago ba a duba haƙoranshi ba.

Mai gadin ya bi da ni ta cikin lambu, munka wuce wani wurin wanka da anka shafe da shuɗi, anasaru kwance kewaye da shi, munka fito gaban otel. Laka. Irin tamu sak. Kwalekwale kwance. Wani tsoho anasara da matarshi zaune kan kujeru masu laima, kowa da kofi a hannu, suna kallon laka.

Na ce wa mai gadin, ashe naku ma ya ƙafe? Wane wata ya tafi?

Da farko bai gane ba. Na sake, na ƙirga mishi watanni da yatsu. Da ya gane sai ya juya ya dafa bango, kafaɗunshi na rawa, don bakin aiki shike, ba dama shi saki murya. Da ya samu kanshi ya kama hannuna, ya nuna sha ɗaya a agogona ya tura hannu can nesa. Ya nuna biyar ya jawo hannu har ƙirjinshi. Ya ɗaga yatsu biyu: sau biyu, kowace rana. Ya nuna sama ya ce wata ne ke jan shi. Na tambaye shi ko har gaban ɗakin jikka tara.

"Ruwa guda ne, baba," inji shi. "Nan da can lokaci guda shike zuwa."

Na mayar wa matar takardarta na ce zan yi shawara da iyali. A ƙofa na tsai da ɗan kabu-kabu, ya faɗi kuɗɗi na hau. Ranar farko kenan a rayuwata da ban yi ciniki ba.

Ƙarfe ɗaya na iso, ɗaki ba kowa. Tsohuwar ta sake nuna gabas. Na bi ƴar hanyar da gudu, na iske takalman Hajo ajiye a bakin rairayi, a jere. Mace mai rabin ido guda, cikin gadon teku, ruwa na hanya. Na sa hannu a goshi ina dubawa. Sai ga matan nan sun taso a layi, kowace da buhu a ka. A tsakiyarsu na gane atamfar da na sayo a Malanbil. Hajo ce, zane tattare har gwiwa, ƙunshi a kanta, wata doguwar mata riƙe da gwiwar hannunta. Bayansu kuwa ga shi nan tafe, shimfiɗe, shina bin dugadugansu kamar garken da ya san hanyar gida. Rana ta fito.

Ashe bayan fitata ta kasa zama. Ta ce ita ba ta iya ganin mata a gona ta ƙi zuwa yi musu sannu da aiki, ba haka anka rene ta a Dumega ba. Ta bi turaku har ta kai ga ta kusa, aka kira mata Bi Zuhura, ita ce doguwar. Sunka nuna mata shukar: wata ciyawar ruwa ce da ake ɗaurawa a igiya, in ta girma a shanya a saida. Hajo ta duba ba rijiya, ba guga, ba tulu, sai ta tambaye su da hannu abin da kowane manomi zai tambaya: da mi kuke ban ruwa? Sunka nuna mata. Cikin minti biyar ta san abin da na yi tafiyar minti arba'in na kusa saida hanyar gida kafin in sani.

Ta sauke ƙunshinta, ta juyo da kai har ta same ni.

"Ina burodin?"

Na ce ba burodi na je nema ba.

"To mi?"

"Na je in sayo miki teku."

Ta tambaya nawa anka ce. Na faɗa. Ta ce gara da na bari, ga wani an kawo har gida. Ta faɗa wa Bi Zuhura da hannu da ido, ban san yadda ta yi ba, amma kafin la'asar duk matan sun sani.

Munka zauna kan wani gungume daga ɗaya da rabi har biyar. Ita ke faɗa mini abin da take gani, yanki-yanki, tana juya kai a hankali. Ta ce na kusa ba shi da launi, kamar ruwan randa. Na bayanshi kore ne, irin na ganyen hatsi kwana goma bayan shuka. Can gaba ya fi kama da kwalbar lemu in an ɗaga ta a rana. Na ƙarshe kuwa shuɗi ne, baba sak, kamar an fiddo zane daga marina. Kwalekwalen da ke kwance sunka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, ta ce kamar shanu da safe. Da ya iso gabanmu ta miƙe ta shiga har gwiwa, ta duƙa ta daɗe.

"Maigida, ina ganin lallen ƙafata."

Na zaga bayan wani kwalekwale na ce alwala zan yi. Ban taɓa daɗewa a wankin fuska irin na ranar ba.

Sauran kwanaki

Kwana bakwai munka yi wurin Bi Zuhura. Da safe waina mai faɗi irin tasu da shayi mai kanumfari da citta, cikin kuɗɗin ɗaki. Da rana sai bayan filin ƙwallo, inda ma'aikatan otel ke ci: shinkafa da anka dafa da kwakwa, wake, kifi guda, ƙasa da jikka. Suna da tuwon masara kamar namu, miyar ce ba ta da kai, amma yajinmu ya gyara ta. Kilishin kuwa ba mu ci rabinshi ba, kyauta ya tafi, kuma shi ya buɗe mana ƙofofin da kuɗɗi ba su buɗewa. Wani masunci ɗan uwan Bi Zuhura ya ɗauke mu a kwalekwale mai filafilai, jikka biyar, ya kai mu inda ake ganin kifi a ƙasa kamar cikin kwano, kuma Hajo ba ta yi amai ba.

Ruwan sama kusan kullum shina zuwa, awa guda ko biyu, shi wuce. Bakin ruwa na kowa ne, ba mai hana ka bi ta gaban babban otel, ka dai gaida mutane. Ƙauyen musulmi ne, masu sutura, Hajo da hijabinta ta fi anasaru zama ƴar gida. Ranar Juma'a a masallaci na haɗu da mai gadin nan, bayan sallama ya matso ya tambaye ni cikin ladabi ko watan dawowar ruwan ya kama. Lokacin ruwan shina matsawa kowace rana kusan awa guda, Bi Zuhura ta rubuta mini a bayan kwali, don ta ce ba ta yarda da ni ba. Hajo ta bi mata gona kwana huɗu, daga nan ruwan ya daina ja da nisa, aiki ya tsaya sai wata ya sake juyawa. Sauran kwanakin ta yi su kan gungumen nan. Magani safe da marece, kallo tsakani.

Komawa

Munka kwana tsohon gari, munka kama jirgin ruwa na bakwai na safe. Wannan karon na sayi ƙwayar hana jiri a farmasi, na kama kujerar sama inda ake shan iska, na biya ƙarin ba gardama. Hajo ta kalli ruwan tun daga wannan gaɓa har waccan. Darussalam, Adis Ababa, Yamai, kwana biyu gidan Balki, wadda ta saurari labarin daga bakin uwarta tana dubana, Allah shi yi mata albarka. Kar ta sauke mu Dutsi da la'asar, hadari na haɗuwa a gabas, mutane na gyaran kalme.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya maido mu, ya kuma rufa mini asiri rabi. Na gode wa Balki da mijinta, da dattijo mai kofi, da mai gadin da ya yi dariyarshi a bango, da Bi Zuhura da ta riƙe hannun Hajo kamar ƴar uwarta. Metir Yusufu ma na gode mishi da ya tarbo mu a tasha, ko da shike ya ce shekara talatin ya yi shina koya wa yara wannan abu a aji shida, kuma zai ba ni benci in ina so.

Makon jiya munka koma wurin likita. Ya ce idon ya ƙara rufewa, amma kaɗan, a ci gaba da magani. A hanya Hajo ba ta yi shirun bara ba, labarin ciyawar ruwa ta yi ta ba matar da ke kusa da ita har Dosso. Jiya kuma bayan azahar muna ƙarƙashin rumfa, tana tsinke zogale da lalube, ta tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce biyu. Na ga ta ƙara biyu da yatsunta, ta ɗago kai wajen gabas.

"Maigida, yanzu haka can, ruwan shina tafiya ne ko shina dawowa?"